Minti Uku Kafin Bam Ya Tashi: Yadda Fim ɗin Zullumi Ke Kama Mai Kallo Tun Daga Farko

A shekarar 1958 kamfanin Universal na Amurka ya fitar da wani fim mai suna Touch of Evil, wanda Orson Welles ya ba da umarninsa. Abin da mai kallo ke fara gani shi ne hannun wani mutum riƙe da bam, yana murɗa agogon da ke jikinsa, ya saita shi a kan kimanin minti uku. Sai aka ji dariyar wata mace daga nesa. Mutumin ya ruga a guje, inuwarsa na bin bango, ya buɗe but ɗin wata mota ya jefa bam ɗin ciki, ya ɓace. Wani attajiri da budurwarsa suka iso suka shiga motar, suka tayar, suka hau titin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka.

Daga nan kyamara ta tashi sama ta haye rufin gini, ta sauko ta tarbi motar a kan titi. Ɗan sanda ya tsayar da ita don masu tafiya a ƙasa su tsallaka. Masu tura kurar talla suka gitta, garken awaki ya tare hanya. Cikin wannan cunkoso ne kyamara ta saki motar ta kama wasu ango da amarya da ke tafe a ƙafa, wato Vargas, jami'in yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da matarsa Susan. Motar takan wuce su, su kuma su cim mata, har suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a shingen kwastan. A can budurwar attajirin ta yi ƙorafin cewa tana jin wani abu na ƙas-ƙas a cikin kanta, amma ba wanda ya kula ta. Motar ta wuce, ta yi 'yar tazara, sa'an nan ta tashi da wuta.

Duk wannan, ban da hoton fashewar kanta, ɗauka guda ce, ba a yanka ba ko sau ɗaya, tsawon kimanin minti uku da daƙiƙa ashirin. Tun da majigi na haska hotuna 24 a kowace daƙiƙa, ke nan hotuna kusan 4,800 ne suka bi juna ba tare da an tsinka su ba. Babu faɗa a ciki, babu tseren mota, babu jini. Awaki ne da 'yan talla da hirar sababbin aure. Amma wanda ya ga hannun nan na farko ba zai iya gyara zama ba har sai abin ya auku. Me ya kawo haka?

Bambancin ba-zata da zullumi

Irin wannan fim shi ne Turawa ke kira tirila, wato fim ɗin da aka gina shi don ya sa mai kallo zaman ɗar-ɗar. A nan za a kira shi fim ɗin zullumi. Wanda ya fi kowa yin suna a wannan fage shi ne Alfred Hitchcock, mutumin Ingila da ya koma aiki Amurka. A doguwar hirar da ya yi da François Truffaut na Faransa a 1962, wadda aka buga ta littafi a 1966, ya rarrabe abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. A ɗauka wasu mutane na zaune a tebur suna hirar duniya, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashin teburin. 'Yan kallo za su zabura, amma zaburar ba za ta wuce daƙiƙa goma sha biyar ba. To, a sake shirya fitowar, a nuna wa 'yan kallo lokacin da aka dasa bam ɗin, a sanar da su ƙarfen da zai tashi, a kuma rataye agogo a bango inda za su riƙa ganinsa. Hirar nan ta banza ta zama abin da ba a iya ɗauke kai daga gare shi, domin kowa na so ya yi wa mutanen tsawa su tashi. Ta haka an sami minti goma sha biyar na zullumi a maimakon daƙiƙa goma sha biyar na ba-zata.

Asirin, ke nan, yana cikin rabon sani. Mai kallo ya san abin da mutanen cikin fim ba su sani ba, kuma ba shi da ikon gaya musu. Welles ya bi wannan hanya sau da ƙafa, har ya ƙara da tasa dabarar. Da ya ƙi yanka, sai ya zama minti ukun agogon bam ɗin daidai suke da minti ukun da mai kallo ke zaune a kujera. Yanka kan ba mai shirya fim damar satar lokaci, ya tsallake awa guda cikin ƙiftawar ido, kuma mai kallo ya san da haka ko da bai taɓa tunaninsa ba. Idan babu yanka, babu wurin ɓuya. Kowane akuya da ya tare hanya yana cin daƙiƙoƙi na gaske.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An ɗauki fitowar a 1957 a unguwar Venice ta jihar Kalifoniya, da kyamara bisa na'ura mai dogon hannu da ke ɗaga ta sama ta sauke, Russell Metty na kula da hoto. Dole ne mota da 'yan wasa da awaki da fitilu su dace a lokaci guda, kuskuren mutum ɗaya ya sa a koma farko. Charlton Heston, wanda ya fito a matsayin Vargas, ya ba da labarin cewa sun kwana suna maimaitawa saboda ɗan wasan da ya fito a jami'in kan iyaka ya yi ta mance maganarsa, har gari ya kusa wayewa kafin a samu wadda ta yi.

Akwai kuma wani hukunci da Welles ya yanke wanda ya cancanci a lura da shi. Bam ɗin ya tashi, amma ya kashe mutanen da mai kallo bai saba da su ba, ya bar ango da amarya. Hitchcock ya taɓa yin akasin haka a Sabotage na 1936, inda wani yaro ya ɗauki ƙunshi bai san bam ne a ciki ba, aka yi ta jinkirta shi a titunan Landan, har ƙunshin ya fashe da shi a cikin bas. Daga baya Hitchcock da kansa ya ce wannan kuskure ne, domin 'yan kallo sun sha wahalar zullumi saboda yaron, sai aka saka musu da mutuwarsa, suka fita da fushi.

Abin da ke faruwa a jikin mai kallo

Tsoron da fim ke sawa ba na wasa ba ne a wajen jiki. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan curi biyu, ɗaya a kowane ɓangare, da ake kira amigidala, waɗanda ke cikin sassan da ke saurin gane alamar haɗari. Idan suka motsa, saƙo kan bi jijiyoyi ya kai ga wasu ƙananan halittu da ke zaune bisa ƙoda, su zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya sauya, tafin hannu ya yi gumi. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa ya san cewa hoto ne kawai a bango, shi ya sa mutum ba ya tashi ya gudu, amma jiki ya riga ya ɗaura ɗamara. Zabura ta ƙara mai ƙarfi takan zo cikin ƙasa da daƙiƙa guda ta wuce. Zullumi kuwa yakan riƙe jiki a wannan hali muddin tambayar da aka dasa ba ta sami amsa ba.

Masana sun gwada wannan da na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa. A 2008 Uri Hasson da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka buga sakamakon wani bincike inda suka nuna wa mutane hotuna iri-iri, suna auna yadda ƙwaƙwalwar wani ke tafiya daidai da ta wani. Ɗaya daga cikin abin da aka nuna shi ne Bang! You're Dead, wani wasan talabijin da Hitchcock ya shirya a 1961, labarin ƙaramin yaro da ya tsinci bindigar kawunsa ya zaci ta wasa ce, ya sa mata harsashi, ya shiga gari yana auna mutane. A wannan wasa, fiye da kashi 65 cikin ɗari na ɓawon ƙwaƙwalwar masu kallo ya riƙa aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya. A fim ɗin kaboyi na Sergio Leone, The Good, the Bad and the Ugly, an sami kimanin kashi 45. A wani wasan barkwanci an sami kashi 18. Hoton da aka ɗauka na mutane suna kai da kawowa a wani dandali, ba tsari ba tacewa, bai kai kashi 5 ba. Wannan bai nuna cewa fim ɗin Hitchcock ya fi sauran kyau ba. Abin da ya nuna shi ne ya fi su iya jan hankalin jama'a zuwa wuri guda.

Wani bincike na 2015 da Matthew Bezdek ya jagoranta a Amurka ya ƙara haske. An sa fim a tsakiyar allo, aka kewaye shi da wani zane mai walƙiya. Duk lokacin da zullumi ya tsananta, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da gefen gani sai ya rage aiki. Wato duniyar mai kallo takan tsuke ta koma iyakar abin da ke gabansa.

Amfanin wannan sani bai tsaya a gidan silima ba. A 2014 Lorina Naci da Adrian Owen na Jami'ar Western da ke Kanada suka nuna gajeren yanki na wasan nan na yaro mai bindiga ga wani majiyyaci da ya shekara 16 ba ya amsa magana ko nuna alamar ya san abin da ake ciki, sakamakon raunin ƙwaƙwalwa. Na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarsa na hawa da sauka tare da labarin kamar yadda ta masu lafiya ke yi, abin da ya sa masanan suka ce akwai alama mai ƙarfi cewa yana fahimtar abin da yake kallo. Dabarar da aka ƙirƙira don sayar da tikiti ta zama hanyar gano ko akwai sauran sani a jikin da ya yi shiru.

Abin da aka ɓoye

Idan rabin aikin buɗe fim ɗin zullumi shi ne sanar da mai kallo, ɗaya rabin shi ne hana shi gani. Babu misalin da ya fi M, fim ɗin Fritz Lang na Jamus, na 1931, wanda shi ne fim ɗinsa na farko mai sauti. An fara da yara a tsakar wani gida a Balin suna wasan ƙirge, waƙarsu kuwa a kan wani mai kisa ce, wata mata na yi musu tsawa daga bene su daina. Wata uwa na shirya abincin rana, agogo ya buga sha biyu. 'Yarta Elsie ta taso daga makaranta tana buga ƙwallo, ta tsaya tana jefa ta a jikin wata sanarwa da ke alkawarin tukuicin mak 10,000 ga wanda ya taimaka aka kama mai kashe yara. Sai inuwar wani mutum mai malafa ta faɗo a kan rubutun. Ya yaba ƙwallon, ya tambayi sunanta. Ya saya mata balan-balan a wurin wani makaho, yana fito da baki.

Abin da ya biyo baya ya isa darasi ga duk mai son koyon sana'ar. Uwa ta leƙa ta taga tana kiran sunan 'yarta. Ana jin muryar, amma abin da ake gani shi ne matakala ba kowa, ɗakin shanya ba kowa, faranti da cokali a tebur gaban kujerar da ba kowa. Sa'an nan ƙwallo ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya. Balan-balan ya maƙale a wayoyin tangaraho, iska ta ɗauke shi. Ba a nuna kisa ba, ba a nuna gawa ba, amma babu mai kallon da bai gane ba, kuma abin da zuciyarsa ta zana masa ya fi duk abin da kyamara za ta iya nunawa muni.

Wannan ya dogara ne a kan wata halayyar ƙwaƙwalwa da masu fim na Rasha suka fara bayyanawa. Lev Kuleshov, kamar yadda ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labari, ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, da gawa a akwati, da yarinya mai wasa. 'Yan kallo suka yaba yadda fuskar ta nuna zurfin tunani, da baƙin ciki, da murmushin farin ciki, alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Ƙwaƙwalwa ba ta barin hotuna biyu su zauna kusa da juna ba ta ƙulla musu dangantaka ba. Faranti shi kaɗai faranti ne. Faranti bayan inuwar mai malafa labarin mutuwa ne.

Fiton nan ma ba ado ba ne. Wani kiɗa ne na Edvard Grieg, mawaƙin Norwe, kuma daga baya makahon mai balan-balan ya sake jin sa ya gane mai kisan. Yana daga cikin al'adun irin wannan fim a dasa wani ƙaramin abu a mintunan farko, a bar shi ya kwanta, sai can a tone shi.

Steven Spielberg ya bi sawun Lang a Jaws na 1975. Fim ɗin ya buɗe da kyamara na ratsa ciyawar ƙarƙashin teku, kamar mai kallo ne ke iyo da idon wata dabba, kiɗan John Williams na tafe da sautuka biyu masu kauri da ke maƙwabtaka da juna, suna maimaituwa suna ƙara sauri. Wata budurwa ta bar 'yan'uwanta a bakin teku ta shiga ruwa da dare. An nuna ta daga ƙasa, ƙafafunta na motsi a saman ruwa. Wani abu ya fizge ta, ya yi ta jan ta hagu da dama (a zahiri ma'aikata ne ke jan igiyoyin da aka ɗaura mata), sa'an nan ruwa ya kwanta. Ba a ga kifin shak ɗin ba ko kaɗan. Kifayen inji da aka ƙera don fim ɗin sun yi ta lalacewa a ruwan gishiri, abin da ya tilasta ɓoye dabbar a yawancin fim ɗin, kuma hakan ya zame masa alheri. Cikin minti biyar na farko an koya wa mai kallo cewa sautukan nan biyu na nufin kifin ya iso. Shi ya sa a wata fitowa ta gaba, inda wasu yara biyu suka tsorata jama'a da ƙayar kifi ta ƙarya, ba a sa kiɗan ba. Mai kunnen basira ya san wasa ne tun kafin a tona.

Alkawari da saɓa shi

Yaron da ya ji an ce ga ta nan ga ta nanku ya san tatsuniya ce ke tafe, ya san kuma irin abin da zai iya faruwa a cikinta. Haka mintunan farko na fim ke yi. Duhu mai yawa da haske kaɗan, inuwa mai tsawo, agogo, titi da dare, mutum shi kaɗai, kyamarar da ke bin mutum ta baya: duk waɗannan alamu ne da ke gaya wa mai kallo irin gidan da ya shigo. Wasu kan karkata kyamara har gine-gine su zama kamar za su faɗi, kamar yadda Carol Reed ya yawaita yi a The Third Man na 1949. Har rubutun sunayen ma'aikata ma yana cikin aikin. A Psycho na 1960, Saul Bass ya sa layuka suna shigowa suna tsaga sunayen, kiɗan Bernard Herrmann kuwa na kayan tsirkiya ne zalla, dangin goge, ba ganga ba ƙaho.

Da yake mai kallo ya san waɗannan al'adu, ana iya amfani da saninsa a yaudare shi, kuma abin da Hitchcock ya yi ke nan a Psycho. Bayan sunaye an nuna birnin Phoenix da rana tsaka, aka rubuta ranar Juma'a, 11 ga Disamba, ƙarfe 2:43 na rana, kamar rahoton 'yan sanda. Kyamara ta zaɓi taga guda ta shiga, ta iske Marion da saurayinta suna kukan rashin kuɗin aure. Ba da jimawa ba ta gudu da dala 40,000 da aka ba ta ta kai banki. Duk alamu sun nuna labarin sata ne, kuma ita ce tauraruwar da za a bi har ƙarshe. Kafin fim ya kai rabi an kashe ta, kuɗin kuma suka nutse a fadama tare da motarta ba wanda ya amfana da su. Saboda wannan ne Hitchcock ya sa gidajen silima su hana kowa shiga bayan an fara, domin wanda bai ga farkon ba babu abin da za a yaudare shi da shi.

Shi kuwa Welles bai sami yadda yake so ba a zamaninsa. Kamfanin ya karɓe tace fim ɗin daga hannunsa, ya ɗora sunayen ma'aikata da kiɗan Henry Mancini a kan doguwar ɗaukar nan, har rubutu ya riƙa rufe motar da ya kamata ido ya bi. Welles ya rubuta musu takarda mai shafi 58 yana roƙon gyare-gyare. Ya rasu a 1985. Sai a 1998 aka sake tace fim ɗin bisa takardar tasa, Walter Murch na riƙe da aikin, aka cire sunayen, aka mayar da sautin da ya nema: kiɗan da ke fitowa daga shaguna da gidajen rawa, kowanne na tasowa yana gushewa yayin da kyamara ke wucewa, da rediyon motar kanta, wadda ke gaya wa kunne inda bam yake ko da ido bai gan shi ba.

Gwaji a cikin aji

Malamin kimiyya ko na adabi na iya jarraba maganar Hitchcock da kayan aiki kaɗan, kuma fitowar Touch of Evil ta fi dacewa, tun da Psycho da Jaws ba na ƙananan yara ba ne. A raba aji gida biyu. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 30, ya ninka biyu, ya rubuta. Rukuni na farko su kalli fitowar tun daga hannun mai bam. Rukuni na biyu, a wani ɗaki, a fara musu daga inda mota ta hau titi. A tsayar da fim ɗin a shingen kwastan kafin fashewar, a sake ƙirga bugun jini, kowa kuma ya rubuta abin da idonsa ya fi bi da abin da yake zaton zai faru.

Bambancin bugun jini na iya zama ƙarami, domin ɗalibi ɗaya ya sha bamban da wani, shi ya sa ake ɗaukar matsakaicin rukuni gaba ɗaya, kuma ya kyautu a maimaita da wani aji kafin a yanke hukunci. Amsoshin da aka rubuta su ma a jera su a allo, a ƙirga mutum nawa a kowane rukuni suka ambaci motar, nawa suka ambaci ango da amarya, nawa kuma suka ambaci awaki. Bayan haka a sake kallon fitowar sau biyu, sau ɗaya an kashe sauti, sau ɗaya kuma an juya wa allo baya ana sauraro kawai, ɗalibai su rubuta daƙiƙar da suka fara jin rediyon motar da daƙiƙar da ta ɓace.